Rabin Kwalbar Damina

Tirelar albasa ce ta sauke ni a tashar Ojoo da ke Ibadan, bayan kwana biyu ina zaune a kan buhu har warin albasa ya zama turarena. Na diro ƙafafuna a kumbure, na tsaya ina zare ido irin na baƙauyen da nake. Kowa ihu yake yi da Yarbanci, ban san ko faɗa ake ba ko gaisuwa. Wani ya kama hannun jakata yana cewa, "Mola, Sabo? Oya enter!" Ashe Mola shi ne Malam a bakinsu. Na rungume jakar nan kamar jariri, don an ja mini kunne tun a gida.

Ina cikin wannan hali na ji an kira sunana da Hausa tsantsa. "Nafi'u! Kai, ɗan ƙauye, sakar wa mutum jaka, ɗan kwamisho ne!"

Yaya Idi ne, mijin yayata Talatu. Ya shekara goma sha a Ibadan, Yarbanci a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Shi ya buga wa Inna waya ya ce a turo ni, akwai aiki a wurin maigidansa. Wallahi ranar da na gan shi a tashar nan, ji na yi kamar ubana ne ya tashi daga kabari. Ya karɓi jakata, ya saya mini ruwan leda mai sanyi, ya ce in dai yana numfashi ba abin da zai taɓa ni a garin nan.

Ba ni da abin da na zo da shi sai kaya kala uku da maganar Inna. Ta ce, "Ubanku bai bar muku gona ba, bai bar muku shanu ba. Abu ɗaya ya bari: har ya koma ga Allah ba a taɓa kama shi da na wani ba. Shi za ka tafi da shi, shi za ka dawo mini da shi."

Sabo, unguwar da Yaya Idi ya kai ni, ta ba ni mamaki. Na ɗauka zan shiga daji ne, sai ga ni a cikin Hausawa tsundum: mai shayi, mai tsire, mai yankan farce, kiran salla daga kowace kusurwa. Yaran unguwa kuwa su fara maka magana da Hausa, su juya Yarbanci, su ƙarasa da Turancin kasuwa, duk a numfashi guda. Aka ba ni shimfiɗa a ɗakin samari mu biyar, abincin yamma kuwa a gidan Yaya Talatu nake ci bayan magariba. Ɗaki ciki da falo ne a cikin gidan maigidan nasu, su biyu da yara uku.

Maigidan shi ne Alhaji Mamman, mahauci ne da ke ba masu dafa abinci nama. Dattijo ne mai tsabta da tsari, amma bai yarda da kowa ba sai Yaya Idi, wanda ke riƙe da makullin sito. Yana da wata ɗabi'a: duk abin da yake nasa sai ya ɗaura masa jan zare. Wuƙaƙensa, butarsa, har makullin mashin, kowanne da jan zarensa.

Aikina shi ne in hau mashin ɗin Alhaji, wata roba-roba, bayan sallar asuba, in nufi mayanka can wajen Akinyele, in ɗauko nama, in biyo ina sauke wa mata masu abinci ƙofa bakwai, in dawo Sabo kafin hantsi. Alhaji ba ya ba direba kuɗin mai, ya ce kuɗi yana da ƙafa. Man yake saya a jarka ya ajiye a sito, kullum a auna kwalba biyu a zuba a tanki. Shi kuwa ba ya fitowa daga masallaci sai gari ya waye sarai, don haka Yaya Idi ne ke aunawa ya zuba mini.

Ranar farko Yaya Idi ya nuna mini wani ɗan maɓalli a ƙasan kan mashin. "Wannan shi ne cok," in ji shi. "Da sassafe ka ja shi, ka bar ta ta yi ɗumi. Kada ka mayar da shi sai rana ta fito."

Na haddace kamar karatu. Da bazara na zo, lokacin da zafin Ibadan ke dafa mutum a cikin rigarsa. Kafin in kai Ojoo rana ta leƙo, in mayar da cok, in wuce abina. Kwalba biyu tana kai ni ta dawo da ni, har in girgiza tanki in ji saura yana motsi. Wata uku ban taɓa makara ba. Har Alhaji ya taɓa cewa a gaban mutane, "Idi, ƙanen nan naka ɗan halak ne." Ranar sai da na kira Inna na gaya mata.

Sai damina ta sauka. Mu a wajenmu ruwa yakan zo da fushinsa, ya zuba, ya wuce, rana ta fito ta shanya kowa. Na Ibadan ba shi da wannan mutuncin. Yayyafi zai kama tun asuba, ya kwana, ya wuni, sama ta yi toka-toka kwana uku ba ka ga inuwarka ba. Ga wani sanyi mai laima da ke ratsa riga ya shiga ƙashi. Ban taɓa zaton zan yi kewar zafin garinmu ba, sai ga ni a kan mashin ina karkarwa ina tuna kunun Inna.

Roba-robar ma ta canza hali. Da safe sai ta yi ta tari kafin ta tashi. Ni kuma tausayinta nake ji, tunda sanyin da ke dukana shi ke dukanta, sai in bar ta tana ta kuka a tsaye har in shanye shayina. Cok kuwa an ce sai rana ta fito, rana ba ta fito ba, ni wane ne da zan saɓa wa Yaya Idi? Haka nake zuwa Akinyele in dawo da shi a ja.

A Sango ta fara mutu mini, saura ƙofa biyu ban sauke ba. Na buga, na buga, na girgiza tanki, shiru kamar an share. Na sauka na fara turi, nama a baya, ruwa a sama, silifas ɗina yana zamewa. Wanda bai taɓa tura mashin mai kaya a hawan Ibadan ba, bai san cewa garin nan gabaɗaya a kan tudu aka gina shi ba.

Ƙofar ƙarshe ta Iya Kafaya ce, wata Bayarabiya mai sayar da amala kusa da Mokola. Na tarar da ita riƙe da ƙugu, tukunya tana tafasa ba nama. Ta wanke ni tas da Yarbanci, ban fahimci ko kalma ɗaya ba amma na ji zafin kowacce. Da ta gama ta dube ni ina ɗiga, haƙorana suna haɗuwa, sai ta ja tsaki ta shiga ciki. Ta fito da tsohuwar rigar ruwa ta wurga mini, ta zuba mini koko mai zafi da ƙosai. "Jẹun, Mola. Chop. Tomorrow no late o." Na ci ina ɓoye fuska, don ban so ta ga hawayena ba.

Karo na uku da na tura ta a wuri ɗaya, wani makanike da ke gefen titi ya daka mini tsawa. Baba Wasiu sunansa, tsoho ne mai furfura, ya yi zaman Zariya da ƙuruciya, Hausarsa tana nan sai dai ta ɗan lanƙwashe.

"Malam, kullum kai ne kake ɗauka mashin, yaushe mashin zai ɗauka ka? Kawo shi nan."

Ko minti ɗaya bai yi ba ya ga cok a ja. Ya dafe kai. "Ha! Who teach you this one?"

Na ce an ce mini sai rana ta fito.

Ya yi dariya har da tari. "Rana? For Ibadan? A watan nan? Sai ka jira har Sallah!" Ya mayar da maɓallin, ya kwance fulogi ya nuna mini, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Sannan ya zaunar da ni a benci ya yi mini karatun da ba wanda ya taɓa yi mini. Ya ce cok mai yake ƙara wa inji don ya tashi, da ya tashi ya ɗan ɗumama sai a mayar. Ya ce barin ta tana kuka a tsaye ƙona mai ne a banza, a tafiya take ɗumama. Ya matsa tayar da yatsa ya ce sanyi yana rage iska, taya mai laushi kuwa jan mashin take yi baya. Ya ce baƙin mai yana kauri da sanyi, titi mai ruwa yana riƙe taya, kuma duk ƙofar da na tsaya na kashe ta ina sauke nama, ta huce, sai ta sake neman abin tashi.

"Amma ka ji ni da kyau," in ji shi. "Ko ka yi komai daidai, sanyi sai ya ci rabonsa. Kwalba biyu na bazara ba kwalba biyu na damina ba ne. Gaya wa oga ya ƙara maka rabi."

Bai karɓi ko sisi ba. Ya buga mini iska, ya tsiyaya mini ɗan mai daga wani mashin, ya ce in tafi.

Da yamma na kwashe duka na gaya wa Yaya Idi. Ya saurara yana sosa gemu, ya ce, "Ka san Alhaji da roƙo. Kai baƙo ne, yanzu ka buɗe baki ka ce a ƙara, sai ya ce ka fara. Ka bar mini, zan nemi ranar da ransa yake fari." Na yi masa godiya har da durƙusawa. Wauta ba ta da magani.

Na ci gaba da dabaru. In kashe ta a gangara, in bar ta ta sulala. In haƙura da shayin safe in sayi ɗan mai a wurin 'yan bumburutu. Wata rana in kai gida da ƙyar, wata rana in ƙarasa da turi daga Mokola. Duk sanda na tuna wa Yaya Idi, sai ya ce, "Ina sane, ƙanena. Haƙuri."

Abin da ke sanyaya mini rai shi ne gidan Yaya Talatu. A daminar nan suka fara kunna ɗan janareto kullum bayan magariba, abin da da sai ranar Juma'a. Yaya takan ɗauko wata ƙaramar kwalba a bayan duro ta juye a ciki, ta ce, "Nafi'u, zo ka ja mana, hannunka ya fi ƙarfi." In ja, wuta ta kawo, yara su yi tsalle su zauna gaban talabijin, ni kuma in sa wayata a caji in ci tuwo. Har addu'a nake yi a raina, Allah ya ƙara wa Yaya Idi buɗi.

Ranar da abin ya fashe Asabar ce. Iya Kafaya ta karɓi aikin girkin wani biki, ta yi odar nama mai yawa, ta roƙe ni har da kama haɓa kada in makara. Aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Hanyar da na saba bi ta cika, na zagaya ta wata, kayan kuma sun fi na kullum nauyi. Ban ko kai Ojoo ba roba-robar ta yi shiru. Aljihuna babu komai. Na tura ta tun daga can, sai wajen azahar na isa. Iya Kafaya ba ta zage ni ba wannan karon, kallona kawai ta yi ta ce ta riga ta saya a wani wuri. Na juyo da naman Alhaji ya fara canza launi.

Bayan la'asar Alhaji ya sa aka kira ni ƙofar shagonsa, jikin masallaci, lokacin da benci ya cika da mutane. Yaya Idi yana tsaye a gefensa.

Na fara bayani, na ce, "Alhaji, sanyi ne. Wani makanike ya gaya mini cewa idan gari ya yi sanyi..."

Ya ɗaga mini hannu. "Yaro, kafin a haife ka nake da mashin. Kai za ka koya mini sanyi? Na san yana ƙara mata ci. Shi ya sa duk shekara, daga ruwan farko, nake ƙara rabin kwalba. Biyu da rabi ake zuba maka tun farkon damina. Wanda ya riƙe ta kafin kai bai taɓa turi ba. To kai ina kake kai naka?"

Ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya ɗago wata ƙaramar kwalba ya dangwarar. Ta lemo ce, da jan zare a wuyanta. Na san irinta. Kullum bayan magariba ina ganin 'yar'uwarta a hannun yayata, ita ma da jan zaren, ban taɓa kawo komai a raina ba sai yau.

Na juya na dubi Yaya Idi. Na ɗauka zai sunkuyar da kai, ko ya yi tari, ko ya ce an yi mantuwa. Wallahi ko gezau. Ido cikin ido ya dube ni, sannan ya juya ga Alhaji.

"Da hannuna nake zuba masa, Alhaji, biyu da rabi. Na ga alamu tun tuni, kunya ce ta hana ni magana. Ka san ƙanen iyali ne."

Rijiya ta bayar, guga ya hana, sannan gugan ya tsaya a gaban jama'a yana ba da shaida a kaina. Kalma shida kawai nake bukata: a je a duba bayan duro. Amma ɗakin da duron yake na Alhaji ne. Idan na faɗa, kafin isha kayan Yaya Talatu suna waje a cikin ruwan nan, da ita da yara uku. Ita kuwa, a zatona, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, an miƙo mata kwalba ta juye.

"Kana da magana?" in ji Alhaji.

Na ce, "Ba ni da magana."

"To ajiye mini makulli. Albarkacin Idi ba zan kai ka gaba ba."

Na ajiye. Ina juyawa na ji wani a kan benci ya ce, "Oh, ɗan mutum, a kan rabin kwalba!" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Daga ranar sunana a Sabo ya koma Nafi'u Rabin-kwalba.

Kai tsaye gidan Yaya Talatu na nufa, kafin mijinta ya dawo. Ba faɗa na je yi ba. So nake ta san abin da na haɗiye saboda ita, ko mutum ɗaya a duniya ya san ni ba ɓarawo ba ne. Na same ta tana tankaɗe. Labari ya riga ni isa, don ba ta ɗago ba.

Na ce, "Yaya, kwalbar nan da kike juyewa a janareto, kin san ta wane ne?"

Ta ci gaba da tankaɗe. Na sake tambaya. Sai ta ajiye rariyar, ta ce a hankali, "Na ce masa ya daina. Ya ce kai mai dabara ne, za ka san yadda za ka yi."

"Tun yaushe kika sani?"

"Nafi'u..."

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun ranar da ka fara zuwa da rigar ruwan nan."

Wato duk daren da na shigo a jiƙe ina ba ta labarin turi tana ce mini sannu, duk sanda ta ce in zo in ja hannuna ya fi ƙarfi, ta sani. Na tsaya ina kallon matar da ta goya ni a bayanta. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin nan ba, ko ranar da aka binne Baba.

Ta share ido da gefen zane ta ce, "Kai namiji ne, duk inda ka je za ka ci abinci. Ni ina zan nufa da yara uku? Don girman Allah, kada Inna ta ji."

Na cire cajata daga bango na fita.

Baba Wasiu da ya ji an kore ni, ya ce zai je ya yi wa Alhaji bayanin sanyi da bakinsa. Na ce ya bari, Alhaji ya fi mu sanin sanyi. Iya Kafaya ce ta haɗa ni da wani dillali a wajen Ojoo, na koma dakon buhunan albasa, warin da na zo da shi na koma cikinsa. Can nake kwana yanzu. Sabo kuwa ko aski ba ya kai ni.

Kwana tara da korata Inna ta kira. Yaya Idi ya riga ya yi mata nasa bayanin, cikin ladabi, har da ba ta haƙuri a madadina. Na koma bayan wata tirela inda ba hayaniya na ɗauka.

Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce, "Nafi'u, abin da na ji gaskiya ne?"

'Ya'ya biyu gare ta a duniya. Duk amsar da na ba ta, ɗaya za ta rasa. Na buɗe baki, na ga Yaya Talatu da rariya a hannu, na ga yaran nan suna tsalle idan wuta ta kawo.

Na ce, "Inna, sanyi ne ya sha man."

Ina jin kukan akuyarmu a bayanta.

"Sanyi," in ji ta. "Sanyi baki gare shi?"

Na jingina da jikin tirelar.

"Na tambayi yayarka, ta ce in yi maka addu'a kawai. Abu ɗaya na ba ka ka tafi da shi, Nafi'u." Muryarta ta karye. "To, Allah ya shirye ka."

Na ce, "Amin, Inna."